Jagora Ga Mai Son Haɗa Akwatin Ƙarƙashin Gado Da Tsohon Katakon Falet

Dalilin rubuta wannan jagora shi ne, tun da tsadar katako ta sa mutane suka fara waiwayar falet, watau dandamalin nan na katako da masana'antu da manyan 'yan kasuwa ke jera kaya a kansa domin na'ura ta ɗaga, sai ga shi masu koyon kafinta da magidantan da ke sha'awar ɗan aikin hannu a gidajensu suna ta maimaita kurakurai iri ɗaya, har ya zama da wuya a ga akwatin da sabon hannu ya haɗa wanda ya kuɓuta daga ɗayan aibobi huɗu: ko ya ƙi shiga ƙarƙashin gadon da aka yi shi dominsa, ko ya karkace bayan hunturu ɗaya, ko gindinsa ya zube ranar da aka cika shi da kaya, ko kuwa ya zama masaukin kuɗin cizo da kyankyasai. Galibi idan haka ta faru akan ɗora wa katakon laifi, a ce ai dama na banza ne, alhali kuwa katakon da ya jure nauyin buhuna da kwalaye daga wata ƙasa zuwa wata ba zai gaza ɗaukar zannuwa da barguna ba, muddin an bi da shi bisa ƙa'ida. Haƙiƙanin al'amari shi ne, katakon falet yana da araha wajen kuɗi amma yana da tsada wajen haƙuri, kuma mafi yawan aikin yakan gyaru ko ya ɓaci tun kafin a buga ƙusa ta farko, watau a wajen zaɓe da kwancewa da shanya da awo.

Abubuwan da ake bukata

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu wanda ya wajaba ya zama mai amfani da lantarki. Ana bukatar guduma mai baki biyu, da ƙarfen ɓamɓara mai faɗin baki, da awartaki ko filaya, da zarto mai kaifi, da ƙaramin zarton yanka ƙarfe, da kurfi, da filen na gyara gefen katako, da tef na awo, da sikwaya, da fensir, da sukudireba, da abin huda katako, na hannu ne ko na lantarki. Sai ɗan maganaɗisu, wanda za a ga fa'idarsa nan gaba.

Kayan haɗi kuwa su ne falet uku ko huɗu domin akwati biyu, da sukurori masu tsawon santimita 3 da masu santimita 5, da farin gam na katako, da samfefa mai lamba 60 da 80 da 120, da filawud mai kaurin milimita 9 domin gindi da murfi, da ƙananan tayoyi huɗu ga kowane akwati, da igiya mai ƙarfi ta yin mariƙi, da banish ko fenti.

Kayan kariya su ma sharaɗi ne, ba ado ba: safar hannu mai kauri, da rufaffen takalmi, da tabarau na kare ido, da abin rufe hanci saboda ƙura.

Mataki na 1: Awon gado da ɗaki

Sabon hannu yakan fara da katako sannan ya tuna da gado, alhali gadon shi ne mai hukunci, domin akwati ne zai bi shi, ba shi ne zai bi akwati ba. Awo uku ake ɗauka. Na farko tsayi, daga ƙasa zuwa wuri mafi kusa da ƙasa a jikin gadon, wanda yawanci shi ne ƙasan falankin gefe, amma a leƙa ciki sosai, domin sau da yawa akwai sandar da ta gitta a tsakiya wadda ta fi falankin gefe sauka. A auna a wurare uku, kuma a sa mutum ya zauna a kan gadon lokacin awon, saboda gado yakan ɗan lotsa idan ya ɗauki nauyi, daɓen ɗaki kuma ba safai yakan zama a miƙe ɗoɗar ba. Sai a riƙe adadin da ya fi ƙanƙanta. Na biyu faɗi, tsakanin ƙafar kai da ƙafar wajen ƙafafu. Na uku zurfi, daga bakin gado zuwa ƙafar tsakiya idan akwai ta. Bayan waɗannan sai a duba filin da ke gaban gadon, domin akwatin da zurfinsa ya fi sararin da ke tsakanin gado da bango ko kabad ba zai taɓa fitowa gaba ɗayansa ba.

Bari mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Gado ne mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu da rabi, tsayin ƙarƙashinsa santimita 25, tsakanin ƙafafunsa kuma santimita 170. Daga 25 za a cire santimita 2 na sarari, domin kada akwatin ya riƙa gugar gado ko ya kama zanen gado, a kuma cire santimita 5 na tsayin taya, sai ya rage 18, wanda shi ne tsayin bangon akwatin. Wajen faɗi kuwa, akwati biyu masu santimita 80 kowanne sun fi guda ɗaya dogo, domin dogon akwati idan ya cika yakan yi nauyin da mace ko yaro ba za su iya ja ba, kuma yakan turje idan aka ja shi ta gefe ɗaya. Zurfi santimita 60 ya wadatar. Mantawa da tsayin taya shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan mataki, saboda haka ya kamata a sayi tayoyin tun da farko, a auna su da hannu, kada a dogara da ƙiyasi.

Mataki na 2: Zaɓen falet

Akan sami falet a inda manyan kaya ke sauka, kamar kewayen tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas, da unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano ko Kakuri a Kaduna, da kuma wurin masu sayar da tsofaffin kaya. Mas'ala ta farko ita ce ta halacci. Falet ɗin da aka gani a jingine bayan sito ba tsintuwa ba ne, yana da mai shi, kuma wajibi ne a saya ko a nemi izini. Waɗanda aka shafa musu fenti mai launi ɗaya gaba ɗaya, kamar shuɗɗan nan na kamfanin CHEP, na haya ne, mallakarsu tana hannun kamfanin, don haka ko wanda suke hannunsa ba shi da ikon sayar da su.

Mas'ala ta biyu ita ce ta hatimi. Bisa wata ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa mai suna ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002 domin hana ƙwarin itatuwa yaɗuwa daga ƙasa zuwa ƙasa, falet ɗin da zai ƙetare iyaka sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa an buga masa hatimi a gefe. A cikin hatimin akwai alama mai kama da zangarniyar alkama, da haruffa biyu na sunan ƙasa, da lambar wanda ya yi aikin, sannan haruffan da ke nuna hanyar da aka bi. Idan an rubuta HT, ma'anarsa an gasa katakon har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon aƙalla minti 30, ba a sa masa magani ba, kuma shi ne abin nema. Idan an rubuta MB, an turara shi ne da iskar guba mai suna metil buromaid, wadda Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2010; irin wannan a bar shi, domin bai dace a ajiye shi ƙarƙashin wurin da mutum zai kwana yana shaƙar iska dare duka ba. Haruffan KD suna nufin an busar da katakon a tanderu, DB kuma suna nufin an cire ɓawonsa. Wanda ba shi da hatimi ko kaɗan galibi na cikin gida ne, sai a bincika abin da ya ɗauka.

Sai dai a lura, hatimi yana ba da labarin abin da aka yi wa katakon ne kafin ya fara aiki, ba ya ba da labarin abin da ya zuba a kansa daga baya. Katako yana shan abin da ya taɓa shi, kuma wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shige cikinsa. Saboda haka duk falet ɗin da ke da tabon mai, ko wani launi da ba a san asalinsa ba, ko warin magani, ko wanda aka san ya ɗauki maganin feshi ko takin zamani ko ɗanyen nama da kifi, to a ƙyale shi ko da kyauta aka bayar. Haka nan wanda ya yi baƙin funfuna, ko wanda farce ke nutsewa a cikinsa saboda ruɓa, ko wanda ke da ƙananan huji masu zubar da gari mai laushi, domin wannan gari shaida ce cewa ƙwaro yana ciki yana ci, kuma idan aka kai shi ɗaki zai iya komawa kan gadon kansa.

A yi ƙoƙari a zaɓi falet iri ɗaya, domin falankansu su zo da kauri ɗaya. Irin na Turai, mai santimita 120 da 80, ya fi daɗin aiki, saboda awonsa tsayayye ne: falanki 11 ne a jikinsa masu kaurin milimita 22, wasu faɗinsu santimita 10 wasu 14 da rabi, da gungume 9. Irin na Amurka kuwa, mai inci 48 da 40, yana da dogayen sanduna a ƙasa waɗanda ke da amfani wajen yin ginshiƙan kusurwa.

Mataki na 3: Kwance falet

A nan ne ake asarar katako mafi yawa, kuma a nan ne ake jin rauni. Ƙusoshin falet ba irin na kasuwa ba ne. Masu murɗi ne ko masu zobba a jikinsu, na'ura ce ta harba su, an kuma yi su ne musamman domin kada su fita, falet ɗin Turai guda ɗaya yana ɗauke da 78 daga cikinsu. Wanda ya sa ƙarfe a ƙarshen falanki ya danna da ƙarfin tsiya, to falankin ne zai tsage, ƙusar kuwa tana nan daram.

Hanya mafi aminci ga sabon hannu ita ce ya sadaukar da ƙarshen falankin. A ja layi daf da inda ƙusoshin gefe suka ƙare, a yanke da zarto ta ɓangarorin biyu, sai ya rage ƙusoshin tsakiya kaɗai ke riƙe da falankin. Daga falanki mai santimita 120 za a sami kimanin 90 ta wannan hanya, wanda ya ishi bango mai 80, kuma dama ƙarshen falanki shi ne ya fi yawan tsaga. Ƙusoshin tsakiya kuwa, sai a tura bakin ƙarfen ɓamɓara daf da su, a sa guntun katako ƙarƙashin ƙarfen domin kada ya lotsa falankin da ke kusa, a ɗaga kaɗan ta wannan gefe, a koma ta wancan gefe a ɗaga kaɗan, a yi ta maimaitawa har ya saki. Idan ya ɗaga kaɗan ya turje, a zura zarton ƙarfe ta tsakani a yanke ƙusoshin.

Da zarar falanki ya fita, a cire ƙusoshinsa nan take, kada a ajiye shi a ƙasa da tsininsu a sama da niyyar a dawo kansa daga baya. A juya shi, a buga tsinin ƙusar ta koma baya har kanta ya fito, sannan a zare ta da bakin guduma ko awartaki, a jefa ta cikin gwangwani. Wadda aka yanke sai a tura ta da wata ƙusa mai kauri. Bayan an gama, a bi kowane falanki da maganaɗisu, domin guntun ƙusar da ya ɓuya cikin katako yana dakushe zarto, yana karya bakin filen, idan kuma injin yanka ne yana iya fallatsa ya sami ido. Sannan a share wurin sarai, a hana yara marasa takalmi kusantarsa. Raunin ƙusa ƙarami ne a ido amma yana da zurfi, kuma irinsa ne ƙwayar cutar tetanus ke so. Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi asibiti a ranar domin a duba batun allurar rigakafi, kada ya wadatu da ɗaure ƙafa da tsumma.

Mataki na 4: Wanki da shanya

A wanke falankan da ruwan sabulu da burushi mai ƙarfi, domin yashin da ya maƙale a jikinsu yana cin kaifin kayan aiki fiye da yadda katakon kansa ke ci. Bayan wanki sai shanya, kuma wannan shi ne matakin da kusan kowane mai koyo ke tsallakewa, alhali sauri kan haifi nawa. Katako yana shan danshin iska yana kuma sakinsa, yana kumbura da damina yana tsukewa da hunturu, motsinsa kuma ta faɗi yake, ba ta tsawo ba. Falet ɗin da ya taso daga bakin teku, ko wanda ya daɗe a waje ruwa na dukansa, yana ɗauke da danshin da iskar Arewa za ta zuƙe, kuma hatimin HT ba ya nufin katakon ya bushe. Idan aka haɗa akwati da shi a haka, to bushewar da bai yi a shanya ba zai yi ta a jikin akwatin, ya tsuke, ya buɗe baki, ya murɗe.

A jera falankan a inuwa, inda iska ke ratsawa, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a sa siraran sanduna tsakanin kowane jeri, a kuma danne saman da abu mai nauyi domin su bushe a miƙe. Kada a shanya su a tsakiyar rana, domin zafi yana busar da bayan katako kafin cikinsa, sai ya tsattsage. Mako biyu zuwa huɗu yakan isa da rani. Da damina sai a ƙara. A cikin wannan lokaci a riƙa duba ƙarƙashin jerin, duk falankin da aka ga gari na zuba daga gare shi a fitar da shi.

Mataki na 5: Daidaitawa da yanka

Bayan sun bushe, a rarraba su bisa kauri da miƙewa. A ɗaga kowanne a kai shi daidai ido a leƙa tsawonsa. Mafi kyawu su zama fuskar akwati, masu ɗan aibi su koma baya da gefe, waɗanda suka murɗe kuwa a yanyanka su a yi ƙananan sanduna da su. A gyara gefen kowane falanki da filen har ya miƙe, a mai da faɗinsa santimita 9, ta yadda biyu za su ba da 18 ɗin da muke nema.

Ga kowane akwati ana bukatar falanki huɗu masu santimita 80 na gaba da baya, da huɗu na gefe. Tsawon na gefe ba 60 ba ne, domin za su shiga tsakanin na gaba da na baya ne, sai a cire kaurin waɗannan biyun. Idan kowanne ya koma santimita 2 bayan guga, na gefe za su zama 56. Wanda ya manta da wannan lissafi zai sami akwati mai zurfin 64, ya leƙo waje yana tuntuɓar mai wucewa. Sai ginshiƙan kusurwa huɗu, masu santimita 4 ta kowace fuska da tsawon 17, da siraran sanduna masu santimita 2 ta kowace fuska waɗanda gindi zai zauna a kansu, da falanki biyu masu 56 da za a ɗaura wa tayoyi. Kowane layi a ja shi da sikwaya, kuma a yanka ta wajen layin, domin zarto yana cin kimanin milimita 2. Idan an yanka na farko, a yi amfani da shi a matsayin ma'auni ga sauran, maimakon a riƙa komawa kan tef kowane lokaci. Sannan a goge falankan da samfefa mai lamba 60, a bi da 80, tun kafin a haɗa su, saboda guga a cikin kusurwar akwati wahala ce marar amfani. A bi tsawon katakon wajen guga, a kuma rufe hanci.

Mataki na 6: Haɗa bango

Ƙarshen falanki, inda zaren katako ya yanke, ba ya riƙe ƙusa ko sukuru ko gam yadda ya kamata, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa akwatin da aka buga kusurwarsa falanki cikin falanki yakan saki bayan 'yan watanni ana jansa. Hikimar ginshiƙan kusurwa ita ce su ba kowane sukuru wurin kamawa a gefen katako. A fara da bangon gefe: a shafa gam a gefen falanki biyu a manna su, a ɗora su a kan ginshiƙai biyu, ƙasan ginshiƙi daidai da ƙasan bango, samansa kuma ya gaza da santimita 1, domin a nan murfi zai zauna. Sannan a haɗa na gaba da na baya a jikin ginshiƙan da sukurori masu santimita 5.

Kada a ɗaura sukuru ko ɗaya ba tare da an fara huda masa hanya da bakin da ya fi shi siranta kaɗan ba, domin busasshen katakon falet yana tsagewa nan da nan, musamman kusa da ƙarshe. A bar aƙalla santimita 2 tsakanin sukuru da bakin falanki, a kuma ɗan faɗaɗa bakin hujin domin kan sukurun ya nutse, kada ya yagi tufa. Kafin gam ya bushe, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan a auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu sun zo ɗaya akwatin ya daidaita, idan kuwa sun saɓa a matsa doguwar kusurwar har su yi daidai. Akwatin da ya karkace ba ya tafiya a miƙe, kuma murfinsa ba ya zama.

Mataki na 7: Gindi da tayoyi

Nauyin kaya duka a kan gindi yake, saboda haka gindin da aka buga da ƙananan ƙusoshi daga ƙasa, ba tare da wani abu ya tallafe shi ba, kayan da ke ciki ne da kansu za su zare ƙusoshin. A ɗaura siraran sandunan nan a cikin bango ta ƙasa, daidai da bakinsa, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, da gam da sukurori masu santimita 3. A yanka filawud daidai cikin akwatin, a fafe kusurwoyinsa huɗu domin ginshiƙai, a sauke shi daga sama ya zauna a kan sandunan, a ɗaure shi. Filawud ya fi falanki dacewa a nan, domin ba shi da tsagar da ƙura da ƙwari za su bi, kuma ba ya motsi da sauyin yanayi. Wanda ya fi son ya yi gindin da falankan falet, idan da hunturu yake aikin ya bar tsakaninsu sarari kamar kaurin kwali, domin su sami wurin kumbura da damina.

Sannan a kifa akwatin, a gyara tsawon falanki biyun nan su shiga tsakanin sandunan gaba da na baya, a shimfiɗa su daga gaba zuwa baya kusa da gefuna, a ɗaure su da gindin, a kuma ɗaura tayoyin a jikinsu, domin filawud shi kaɗai bai kai kaurin da zai riƙe sukurun taya ba. Tayoyin da ke tafiya gaba da baya kawai sun fi masu juyawa ko'ina, saboda masu juyawa sukan kauce su kai akwatin ga ƙafar gado. A tabbata duka huɗun suna kallon fuska ɗaya. Masu roba sun fi kyau a kan tayil da siminti. Idan ƙarƙashin gadon ya yi ƙunci ƙwarai, a bar taya, a goge falanki biyun su yi santsi, a shafa musu kyandir, akwatin ya riƙa zamewa a kansu.

Mataki na 8: Mariƙi da murfi da shafi

Mariƙin ƙarfe da ya turo waje yana bugun ƙwauri cikin duhu. Ya fi kyau a huda huji biyu a fuskar akwatin, tsakaninsu santimita 12, daidai tsakiya, a zura igiya a ƙulle ta ta ciki. Murfi kuwa filawud ne da zai zauna a kan ginshiƙai, da huji ɗaya na sa yatsa. Ba a yi masa hinji, domin babu sararin buɗe shi sai an jawo akwatin waje. Amfaninsa babba ne, ganin irin ƙurar da ke taruwa ƙarƙashin gado da hunturu.

Kafin shafi a toshe kowane hujin ƙusa da kowace tsaga da garin katako da aka kwaɓa da gam, domin a irin waɗannan wurare kuɗin cizo ke ɓuya yana ƙwai, sannan a bi da samfefa mai lamba 120, a kashe kaifin kowane gefe. A shafa banish ko fenti sau biyu, ciki da waje da ƙasa. Wanda ya shafa waje kaɗai domin tsimi, to fuska ɗaya za ta riƙa shan danshi ɗayar ba ta sha, falankin ya lanƙwashe. Kada a shafa baƙin mai na mota, ko maganin garar da ake shafa wa katakon rufi, domin warinsu yana kama tufafi kuma shaƙarsa cutarwa ce. A bar akwatin a waje cikin inuwa har warin shafin ya fita gaba ɗaya kafin a shigar da shi ɗaki. Ragowar guntayen da ke da fenti ko magani ko tabon da ba a sani ba, kada a ba da su a yi girki da su.

Abin da ya dace a ajiye da wanda bai dace ba

Wannan akwati wurin zannuwan gado ne da barguna da kayan sanyi da takalma. Ba wurin magani ba ne, ko kalanzir, ko wuƙa, domin yana daidai hannun yaro mai rarrafe. Ba kuma wurin abinci ba ne, saboda ɓera. Alƙur'ani da littattafan addini, ladabi bai yarda a sa su ƙarƙashin inda ake kwanciya ba, sai a nema musu wuri a sama. Kada a sa tufa sai ta bushe sarai, kuma da damina a riƙa jawo akwatin lokaci-lokaci, a buɗe shi ya sha iska, a share ƙarƙashin gadon, a kuma duba sukurori a ƙara ɗaure wanda ya saki bayan hunturun farko.

Shawarata ga mai koyo ita ce, ya haɗa akwati ɗaya tukuna, ya cika shi da kaya, ya tura shi ƙarƙashin gado ya jawo shi, ya ga inda ya turje da inda ya yi daidai, sannan ya yanka katakon na biyu. Wanda ya auna gadonsa da gaskiya, ya zaɓi katako mai tsabta ta hanyar halal, ya kuma ba shi lokacin bushewa, to sauran aikin mai sauƙi ne, kuma akwatinsa zai yi shekaru yana amfani, in Allah ya yarda.